Kujerar Tsigi da Igiyar Lodi

A garejin manyan motoci babu mai kiransa da sunansa na gaskiya, Tamau kawai ake ce masa. Shekara goma sha tara yana jan tirela, ko buhu ɗaya bai taɓa zamewa daga bayan motarsa ba. In ya ɗaure kaya sai dai a sa wuƙa. Wannan ne abin alfaharinsa a duniya, kuma in za a faɗi gaskiya shi kaɗai ya rage masa, tunda aure ya riga ya kuɓuce.

Wata goma sha ɗaya rabon da ya ɗauki 'yarsa Tsigi a hannu. Sai da aka kai ruwa rana a kotu kafin alƙali ya ba shi Asabar ɗaya a kowane mako biyu, daga ƙarfe goma zuwa biyar. Amma an gindaya sharaɗi: sai motarsa tana da kujerar yara, an kafa ta yadda ya kamata, kuma wani daga gidan uwar yarinya ya duba ya yarda. Yau ce Asabar ta farko. Mahaifiyarsa tana can ɗaya gefen gari ta share ɗaki, ta dafa abinci tun safe tana jiran jikarta.

Ya ari ƙaramar motar ƙanwarsa, ya sayi kujera sabuwa fil. Mai shagon ta ce masa tsakiyar kujerar baya ya fi, don nan ne ya fi nisa da ƙofofi. Wannan kam ba sai an gaya wa Tamau ba, ya ga abin da babbar mota take yi wa ƙofar ƙarama da idonsa ba sau ɗaya ba. Da sassafe ya farke kwali, ya wurgar da shi da ɗan littafin da ke ciki gaba ɗaya. Mutumin da ya ɗaure injin niƙa a bayan tirela shi ne zai zauna karanta yadda ake ɗaure 'yar kujerar roba? Ya ɗauko igiyarsa ta lodi, irin mai hannun ƙarfe da ake bugawa tana ƙara matsewa, ya zura ta ramin da ke bayan kujerar, ya maƙala ta a ƙarafan ƙasan mota, ya yi ta bugawa har sai da hannun ya ƙi motsi. Da ya girgiza kujerar, motar ce gaba ɗaya ta girgiza. Ya ji daɗi har cikin ransa.

Wanda zai duba kuwa ba kowa ba ne illa tsohon surukinsa, kakan Tsigi. Shekara talatin ya yi yana gwada masu neman lasisin tuƙi kafin ya yi ritaya, kuma duk garin Malam Sai-Ka-Dawo ake kiransa, a bayan idonsa dai. Sau biyu ya kayar da Tamau yana saurayi, sai a hannun wani ya samu lasisi. Da Allah ya tashi ikonsa kuma, sai ya zamana 'yar wannan mutumin ce ya aura. Tun ranar da aka ɗaura shi, tsohon yake jiran ranar mutuwar auren.

Tamau ya tsaya a ƙofar gidan, ya danna ƙararrawa. Tsohon ya fito da kujerar roba a hannu ɗaya, jarida a ɗaya, ya ajiye a inuwar katanga kamar wanda ya san za a daɗe.

"Baba, ina kwana."

"Direba. Ka makara da minti huɗu."

"Cunkoso ne a gada, Baba."

"Kullum akwai gada. Buɗe in gani."

Tamau ya buɗe ƙofar baya, ya ja gefe yana ɓoye murmushi. Tsohon ya gyara tabarau, ya sunkuya, ya kama kujerar ya ja hagu, ya ja dama. Ko gezau. Ya bi igiyar da ido har inda ta maƙale, sannan ya miƙe ya yi wa Tamau kallon hadarin kaji.

"Mene ne wannan?"

"Igiyar lodi ce, Baba. Tan biyar take riƙewa."

"Jikata tan nawa ce?"

Tamau ya kalli igiyar.

"Siminti ka zo ɗauka ko mutum? Wanda ya ƙera kujerar nan ya ce a ɗaure ta da wannan? Ka faɗi. Kwance."

"Baba, ka ja da kanka, ba ta motsa ba."

"Na ce kwance."

Ya koma inuwa ya buɗe jarida. Tamau ya haɗiye abin da ya taso masa, ya shiga ya saki igiyar, ya naɗe ta ya jefa a but. Sai yanzu ya lura da wasu 'yan ƙugiyoyi biyu da ke rataye a gindin kujerar. Ya cusa hannu tsakanin soso da soso yana lalube. A tsakiya babu ƙarfen da za a maƙala su, amma a hagu akwai biyu, a dama akwai biyu. To me ya yi saura? Ya ja ƙugiya ɗaya ya maƙala a na hagu mafi kusa, ya ja ɗayar ya maƙala a na dama, ya matse. Gumi ya fara tsattsafo masa a wuya.

"Baba, na gama."

Tsohon ya ƙarasa karanta shafin da yake kai tukuna, ya ninke jaridar a hankali, sannan ya taso. Wannan karon ko taɓawa bai yi ba, leƙawa kawai ya yi.

"Ka faɗi."

"Me ya yi kuma?"

"Ni mai gwaji ne, ba malamin koyarwa ba."

"Haba Baba, don Allah. Lokaci yana tafiya."

"Ƙarafan nan na kujerun gefe ne. Tsakiya ba ta da nata a motar nan. Ka ari ɗaya a wannan maƙwabci, ka ari ɗaya a wancan, kamar yadda ka ari motar. Ina littafin kujerar?"

"Na bar shi a gida."

"A kwandon shara dai. Ba a fafe gora ranar tafiya, direba. In tsakiyar ta fi ƙarfinka, mayar da ita gefe. Ko 'yan koyo suna iya wannan."

Da wani ne ya faɗa da ya mayar ɗin, a wuce wurin. Amma a ce Malam Sai-Ka-Dawo ne zai ba shi jarrabawa mai sauƙi don tausayi? Gara rana ta kashe shi. Ga shi kuma ba ya son 'yarsa a jikin ƙofa ko da wasa.

"A tsakiya za ta zauna," in ji shi.

"To bismillah."

A jikin kujerar akwai wani ɗan hoto da aka manna, da jan layi yana nuna inda bel ɗin mota zai bi. Tamau ya durƙusa a bakin ƙofa ya ƙura masa ido. Ya cire ƙugiyoyin, ya jawo bel ɗin tsakiya, ya zura ta ramin baya, ya fito da shi ɗaya gefen, ya danna ya ji ya shiga. Fatar yatsunsa biyu ta sale. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, ya san mahaifiyarsa ce, ya ƙi ɗauka don ba shi da abin da zai ce mata. Matar gidan da ke kallon nasu ta fito shanya, ta shanya riga uku ta tsaya da ta huɗu a hannu tana kallo.

Tsohon ya zo, ya sa hannu ɗaya ya ja. Kujerar ta biyo shi kusan taƙi guda, bel yana warwarowa a bayanta salin alin.

"Ka faɗi."

Nan haƙurin Tamau ya ƙare. Ya miƙe har kansa ya bugi bakin ƙofa.

"Baba, mu daina ɓoye-ɓoye. Ba kujera kake gwadawa ba, ni kake gwadawa!"

"Kai? Ai na gama da kai tuntuni. Na gwada ka sau biyu ka faɗi. 'Yata ta gwada ka shekara huɗu ka faɗi. Ranar da aka haifi yarinyar nan kana ina? Kana bakin iyaka da lodin taki. Ni na kai uwarta asibiti, ni na biyo da su gida."

"Nema na tafi! Da me za su ci?"

"Ga shi nan kuwa sun ci sun ƙoshi."

"Wallahi ba don girmanka ba..."

"Da me? Ƙarasa mana. Ga maƙwabta nan, su zama shaida, gobe mu koma wurin alƙali."

Tamau ya dunƙule hannu ya saki. Ya san abin da tsohon yake nema ke nan, kalma ɗaya da za a rubuta a takarda. Ya tsani mutumin nan, tsana ta gaske, da tabaransa da jaridarsa da yadda yake furta "direba" kamar yana tofar da ƙashi.

Ƙaramar ƙofar get ta buɗe. Maman Tsigi ce, tsohuwar matarsa, da ruwan wanke-wanke a hannunta. Ba ta gaishe shi ba, ba ta ma kalli fuskarsa ba, motar ta kalla.

"Ana jin ku har kicin," ta ce. "Yarinya tun ƙarfe bakwai take sanye da takalmi, ta ƙi karyawa, wai a gidan kaka za ta ci. Kai kuma ka ja bel ɗin nan har ƙarshensa, sai ya ƙare gaba ɗaya, sannan ka sake shi a hankali. Za ka ji yana ƙas-ƙas, ya kulle ke nan. Ka hau kujerar da gwiwa ka danne kana jan ragowar. Igiyar da ke samanta kuma akwai ƙarfenta a baya."

"Wa ya kira ki?" in ji tsohon.

"Baba, kuka za ta fara."

"Na gode," in ji Tamau.

"Riƙe godiyarka. Ba don kai na yi ba. Da ka iya karanta abu kafin ka yar, da ba mu kai nan ba."

Ta koma ciki ta turo ƙofa.

Ya yi yadda ta ce. Ya ja bel har ya tsaya, ya sake shi, ya ji ƙarar. Ya hau da gwiwa, ya saki nauyinsa duka, ya tattaro ragowar bel ɗin yana tura shi sama. Ya ɗauki igiyar saman kujerar ya tsallake da ita baya, ya sami ƙarfenta a ƙarƙashin wani ɗan murfi, ya maƙala ya ja. Rigarsa ta jiƙe sharkaf. Abin haushin shi ne, da ya gama ya duba, ya ga aikin ya yi kyau, kuma ya fi na igiyar lodi tsabta.

Tsohon ya kama kujerar daidai inda bel ya bi, ya ja gefe, ya ja gaba. Ba ta motsa ko faɗin babban yatsa ba. Ya sake. Ya canza hannu ya sake. Ya zagaya ta ɗaya ƙofar ya kuma ja, ya duba ko bel ya murɗe, ya taɓa igiyar sama. Haka ya yi ta neman laifi har ya gaji.

"Ba laifi," ya ce, kamar ana cire masa haƙori. Ya duba agogo. "Sha biyu da rabi. Biyar daidai ina nan a tsaye. Biyar da minti ɗaya ina wurin 'yan sanda."

Sai ga Tsigi. Shekararta uku, 'yar mitsitsiya kamar sunan da ake kiranta, da jakar goyo ja da ta kusa fin ta girma. Ta tsaya a bayan zanin uwarta tana leƙe da ido ɗaya. Tamau ya durƙusa, bai san abin da zai yi da hannuwansa ba.

"Tsigi. Kin gane ni?"

Ta ƙare masa kallo. Can ta ce, "Abba, ina babbar motar?"

"Tana hutawa. Yau wannan za mu hau."

"Zan zauna a kujerata?"

"Taki ce ke kaɗai."

Ta saki zanin ta taho. Da ya ɗaga ta ya ji ta fi yadda ya bar ta nauyi, sai idonsa ya ciko, ya yi sauri ya sunkuya cikin mota don kada tsohon ya gani. Ya zaunar da ita, ya zura hannayenta cikin igiyoyin kafaɗa. Sun yi mata ƙasa kaɗan, don haka ya cusa hannu ƙarƙashin yadin kujerar ta baya zai ɗaga su. Nan yatsansa ya karci wani abu mai kaifi.

Ya ɗan ɗaga yadin. Roba ta tsage. Daga bakin ramin da bel ya bi tsagar ta tashi, ta yi sama tsawon yatsa, fara sol a jikin baƙar roba. Daidai inda igiyar lodi ta kwanta. Sai ya tuna da safe, a bugun ƙarshe, ya ji wani ƙas, ya ɗauka haƙoran ƙarfen ne suka kama.

Ya saki yadin ya rufe. Babu wanda ya gani. Maman Tsigi tana gyara jaka a ƙasan kujera ta ɗaya gefen, tsohon ya riga ya juya yana ninke jaridarsa. Tamau ya ɗaga igiyoyin, ya danna maɓalli, ya jawo maƙalin ƙirji daidai hammata, ya matse har ya kasa tsunkule igiyar da yatsa biyu. Ya rufe ƙofa, ya zagaya ya zauna, ya tayar da mota.

Tafiyar minti ashirin ce. Zai bi a hankali, zai kauce wa babban titi. Shekara goma sha tara bai taɓa goge ko akuya ba. Gobe ya sayi wata, wa zai sani? Duk wannan ya gaya wa kansa, kuma duk gaskiya ne. Amma shi ne mutumin da ya taɓa sa aka sauke lodi gaba ɗaya saboda ya ga tsaga a ƙugiya guda, har mai kaya ya zage shi ta uwa ta uba. Ya san abu mai tsaga lafiya lau yake zama, har ranar da aka buƙace shi. Kuma ba tuƙinsa kaɗai ke kan titi ba.

Ya ɗaga ido ya kalli madubi. Tana tsakiya daidai, tana kaɗa ƙafafu, tana yi wa uwarta bai-bai.

Ya kashe mota.

"Baba," ya kira. "Zo ka ga wani abu."

Ya buɗe ƙofar baya, ya ɗaga yadin, ya nuna. Tsohon ya sunkuya, ya bi tsagar da farce daga farko har ƙarshe. Ya daɗe a haka. Shi da ya duba ta ƙofa biyu bai gani ba, kuma ya san Tamau ya san bai gani ba. Wannan kuwa ba abin da zai yafe ba ne.

"Igiyarka ce ta yi wannan."

"Ita ce."

"To kujera ta mutu. Fito da yarinya."

"Baba, taku tana cikin motarka. Ka ara mini ta yau kawai, zan kafa ta a gabanka."

Maman Tsigi ta buɗe baki. "Baba, ai tamu..."

"Shiga gida. In ba shi tamu ya fasa ta ita ma? Takarda ta ce motarsa da kujerarsa."

"To bari in je in sayo wata yanzu."

"Ƙarfe ɗaya suke rufewa ran Asabar, ni ma can na sayi tamu. Ko da jirgi ka tafi ba za ka same su ba. Sai ka dawo nan da mako biyu."

Tamau ya kalli tsohuwar matarsa. Ta kawar da kai, amma ba ta shiga gidan ba.

"Cire ta," in ji tsohon. "Kai ka ɗaure, kai za ka kwance."

Ya sunkuya. Tsigi ta yi masa murmushi, ta ɗauka gyara zai yi. Da ta ji maɓalli ya buɗe, sai ta dafe igiyoyin da hannu biyu.

"Abba, mu tafi."

"Ba yau ba, Tsigi. Kujerar ce ba ta da lafiya."

"Lafiyarta lau! Tawa ce! Ka ce tawa ce!"

"Zan kawo miki wata, wadda ta fi wannan."

"Ba na so! Wannan nake so! Mu tafi gidan kaka!"

Ta ƙanƙame. Sai da ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, yana ɓamɓare na dama tana mayar da na hagu, tana ihu har muryarta ta dushe. Ta sa takalmi ta harbe shi a ƙirji. Da ya fito da ita ta sandare a hannunsa, ta miƙa hannu wajen uwarta. Uwar ta karɓe ta. Ta saman kafaɗa Tsigi ta juyo, fuska duk hawaye da majina.

"Na ɓata da kai! Ba kai ne Abbana ba! Na ɓata da kai!"

Aka shige da ita. Kukan ya yi ta nisa, daga tsakar gida zuwa falo, daga falo zuwa wani ɗaki can ciki.

Tsohon ya leƙa mota ya ɗauko jar jakar, ya saɓa a kafaɗa, ya ɗauki kujerarsa da jaridarsa. Tamau ya biyo shi har bakin get. Duk faɗan ya fita daga jikinsa, babu abin da ya rage sai roƙo.

"Baba, abu ɗaya. In ta yi shiru ka gaya mata ba ni na ƙi tafiya da ita ba."

Tsohon ya tsaya da ƙafa ɗaya a ciki, ya juyo ya dube shi ta saman tabarau.

"To wa ya fasa kujerar?"

Ya shiga, ya tura sakata.